Izini da Haƙƙi: Tambayar da ke Ƙarƙashin Gyaran Fayilolin Kwamfuta

Kowane fayil da ke cikin kwamfuta, wato kowane dunƙulen rubutu ko hoto ko murya da aka adana da suna, yana tafe da wani ɗan gajeren bayani wanda mai amfani da na'urar bai cika ganinsa ba, kuma a cikin wannan bayani ne aka rubuta wane ne mai fayil ɗin, da wanda aka yarda ya buɗe shi, da wanda aka yarda ya sauya abin da ke ciki. Wannan shi ake kira izinin fayil. Yakan faru mutum ya nemi buɗe takardar da shi ya rubuta da hannunsa, a kan kwamfutar da ya saya da kuɗinsa, sai na'urar ta amsa masa da cewa ba shi da izini, kuma a irin wannan hali masu gyara sukan ce izinin ya lalace, sai an gyara shi. Maganar tana da sauƙin faɗi, amma a ƙarƙashinta akwai tambayar da ta girmi kwamfuta da ƙarnuka masu yawa, domin na'urar ba ta yi kuskure ba ko kaɗan: ta duba abin da aka rubuta mata, ta yi aiki da shi daidai. Idan har aka ce rubutun ne ya lalace, to an yarda ke nan cewa akwai wani ma'auni a wajensa wanda da shi ake gane lalacewar, kuma sai an san inda wannan ma'auni yake kafin kalmar gyara ta yi ma'ana.

Tsarin izinin da kwamfutoci da yawa ke bi ya samo asali ne daga Unix, babbar manhajar da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a 1969 a cibiyar binciken Bell Labs ta Amurka, a zamanin da na'ura ɗaya take yi wa mutane masu yawa aiki a lokaci guda, kowa da tasa ajiyar. Babbar manhaja ita ce wadda take tsaye tsakanin ƙarfen na'ura da duk sauran manhajoji, ita ke bayarwa ita ke hanawa. A tsarin Unix an kasa mutane kashi uku, mai fayil, da rukunin da aka jingina fayil ɗin gare shi, da sauran jama'a, sannan aka kasa ayyuka su ma kashi uku, karantawa da rubutawa da zartarwa. Zartarwa na nufin tafiyar da fayil a matsayin manhaja, idan kuma a kan jaka ce, wato ma'ajiyar da ake tara fayiloli wadda masu gyara ke kira folda, tana nufin damar shiga cikinta. An ba karantawa lamba 4, rubutawa 2, zartarwa 1, ana haɗa su a fitar da lamba ɗaya ga kowane kashi na mutane, don haka 644 na nufin mai fayil zai karanta ya kuma rubuta, sauran kuwa karatu kawai, 600 na nufin shi kaɗai ke da shiga, 777 kuma na nufin kowa yana iya yin komai. Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, da macOS ta kamfanin Apple, duk sun gaji wannan tsari. Windows ta bi wata hanya tun da ta zo da tsarin ajiya na NTFS a 1993, inda kowane fayil yake da jerin sunaye, kowane suna da nasa izinin, kuma fayil yakan gaji izininsa daga jakar da yake ciki.

Wajibi ne a lura cewa na'ura ba ta san mutum da sunansa ba, da lamba ta san shi. A yawancin nau'o'in Linux, asusun farko da aka buɗe yakan sami lamba 1000, na biyu 1001, a macOS kuwa na farko 501 ne. Idan tsohuwar kwamfuta ta mutu, aka ciro faifan ajiyarta aka ɗaura a sabuwa, kuma ya kasance mai ita a sabuwar shi ne na biyu da aka buɗe wa asusu, to duk takardunsa suna ɗauke da tambarin 1000 alhali shi yanzu 1001 ne, sai ya wayi gari baƙo a ƙofar ɗakinsa, shi kuwa wanda ya riga shi buɗe asusu ya zama mai kayan da bai taɓa gani ba. Haka yake faruwa a Windows bayan an sake ɗora manhaja: mutum ya buɗe asusu da sunansa na da, harafi bai canza ba, amma doguwar lambar shaidar da ke bayan sunan sabuwa ce, kuma idan ya leƙa jerin masu izini zai tarar da tsohuwar lambarsa tsirara, mai farawa da S-1-5-21, an rubuta cewa ba a san asusun ba. Akwai kuma kishiyar wannan, domin filash da aka tsara da FAT32 ba shi da gurbin rubuta izini sam, saboda haka takardar sirri da aka kwafa a cikinsa takan fito babu tambarin kowa, duk wanda ya tsinci filash ɗin ya buɗe ta.

Daga waɗannan misalai ana iya rarrabe abubuwa uku da harshen yau da kullum yake cakuɗa su. Iko shi ne mutum ya iya aikata abu, ko an yarda masa ko ba a yarda ba. Izini shi ne abin da aka rubuta cewa an yarda masa. Haƙƙi kuwa shi ne abin da ya cancanta a yarda masa, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Kwamfuta tana riƙe da na biyun kawai, tana kuma amfani da shi wajen raba na farko, amma na ukun ba ta da kafar ganinsa, shi ya sa a wurinta babu wani abu mai suna lalataccen izini, lambobi ne dai ko sun dace ko ba su dace ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan tazara, inda suka bambanta hannu da mallaka: kasancewar abu a hannun mutum alama ce da alƙali zai yi aiki da ita idan babu hujjar da ta fi ta ƙarfi, amma ba ita ce mallakar kanta ba, tun da mai aro da mai ajiya da wanda ya yi ƙwace duk suna da hannu a kan abin da ba nasu ba. Hadisin Ummu Salama, wanda Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa, Buhari da Muslim ma suka ruwaito, ya kai maganar matuƙa, domin a cikinsa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa yana yanke hukunci ne bisa abin da ya ji, kuma wanda ya fi iya baki zai iya samun hukunci a kan haƙƙin ɗan'uwansa, amma abin da ya karɓa ta wannan hanya yanki ne na wuta. Daga nan mafi yawan malamai suka fahimci cewa hukuncin alƙali yana aiki ne a zahiri, ba ya mayar da haram halal a baɗini. Idan hukuncin alƙali, wanda ya saurari shaidu ya auna hujjoji, bai kai ya ƙirƙiri haƙƙi ba, to lambar da umarnin chown ya sauya a cikin daƙiƙa ɗaya ta fi shi nisa da hakan. Chown shi ne umarnin canza mai fayil a Unix, takwaransa a Windows kuwa takeown, wanda ma'anar sunansa ita ce karɓe mallaka, kuma dukkansu biyu aiki iri ɗaya suke yi a hannun mai kaya da a hannun ɓarawo.

Gyaran da ya fi yawa a hannun mai gaggawa shi ne ya ba fayil lamba 777, ko a Windows ya ba kowa da kowa cikakken iko, kuma lalle saƙon hani yakan ɓace nan take, aiki ya ci gaba. Sai dai abin da aka yi ke nan shi ne an rushe katanga don ƙofa ta ƙi buɗuwa, alhali Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ƙorafin mai fayil shi ne an hana shi abin da yake nasa, maganin ƙorafin shi ne a mayar masa da shi, amma 777 ta ba shi ta kuma ba duk wani asusu da duk wata manhaja da ke gudana a kan na'urar, har da mugunyar da ta shigo ta intanet ba a sani ba. Jerome Saltzer da Michael Schroeder, masana biyu daga jami'ar MIT, sun tsara ƙa'idojin kare bayanai a wata maƙala ta 1975, kuma biyu daga cikinsu sun shafi wannan kai tsaye: kada a ba kowa sai gwargwadon ikon da aikinsa ke bukata, sannan asalin hukunci ya zama hani, sai inda aka bayar da izini a fili. Mai karatun usulul fiƙihi zai iya ganin kamar wannan ya saɓa da ƙa'idar da ta shahara cewa asalin abubuwa halacci ne, amma malaman da suka kafa ta sun kafa wata a gefenta, cewa dukiyar wani da mutuncinsa da sirrin gidansa asalinsu hani ne har sai mai su ya yarda. Fayil ba ruwan kogi ba ne da kowa ke ɗiba, na wani ne tun ranar da aka ƙirƙire shi, don haka yana ƙarƙashin ƙa'ida ta biyun.

Ladabin neman izini a Musulunci ya nuna cewa yarda ba abu ne guda ba da ake bayarwa gaba ɗaya ko a hana gaba ɗaya. Aya ta 27 ta Suratun Nur ta yi magana a kan baƙo a ƙofar gidan da ba nasa ba, aya ta 58 kuma ta yi magana a kan mutanen cikin gida, yara da masu hidima, waɗanda suke kai da kawo ba tare da shamaki ba amma aka keɓe lokuta uku da su ma sai sun nemi izini: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin hutawa, da bayan sallar isha. Ga mai ɗaki, ga mutanen gida, ga na waje, kowa da iyakarsa, kamar yadda gidan Bahaushe ya tanadi zaure inda baƙo zai yi sallama ya tsaya, da tsakar gida, da ɗaki. Labarin Abu Musa al-Ash'ari, wanda ya nemi izini sau uku a ƙofar Umar ɗan Haɗɗabi, bai ji amsa ba ya juya ya tafi, ya ƙara tabbatar da cewa shirun mai gida ba yarda ba ne. Ba ana nufin cewa injiniyoyin Bell Labs sun ɗauko tsarinsu daga nan ba, abin da ya haɗa su shi ne matsala ɗaya ce ta zaman mutane da yawa a wuri guda, kuma duk wanda ya yi tunani a kanta da gaske yakan isa ga matakai irin waɗannan.

Akwai wani abu da ke faruwa idan aka kai sakin izini ƙarshensa, wanda ya cancanci a dube shi da kyau. Mutum ya gaji da hani, sai ya rubuta umarnin chmod, wato umarnin sauya izini, ya ba shi 777, ya haɗa da harafin R wanda ke sa umarni ya ratsa kowace jaka da abin da ke cikinta, ya kuma nufe shi da tushen dukkan ajiyar na'urar. Cikin ɗan lokaci dubban fayilolin babbar manhaja sun zama na kowa. Abin da zai biyo baya shi ne manhajar sudo, wadda da ita mai asusu yake aron ikon shugaba na ɗan lokaci, za ta ƙi aiki, domin umarnin ya goge wata alama ta musamman da ke kanta mai suna setuid, wadda Ritchie ya ƙirƙira don manhaja ta yi aiki da ikon mai ita maimakon ikon wanda ya kira ta, sannan kuma sudo ba ta amincewa da takardar dokokinta muddin kowa na iya rubutu a cikinta. Manhajar SSH, ta shiga wata kwamfuta daga nesa, ita ma takan ƙi karɓar mabuɗin sirri idan ta ga wasu na iya karanta shi. Wanda ya buɗe dukkan ƙofofi sai ya tarar ya rasa ƙofar da zai bi ya gyara ɓarnarsa, tsalle ɗaya ya jefa shi rijiya, fita kuwa sai an tayar da na'urar daga waje, sau da yawa ma sake ɗora manhajar ya fi sauƙi. Darajar umarni tana rataye ne da sanin cewa ba kowa ke iya rubuta shi ba, kuma takardar da kowa zai iya sa wa hannu ta daina zama shaida a kan komai.

Gyara na gaskiya yana bukatar tunawa da yadda abu yake kafin ya ɓaci. A da, shekaru da yawa kwamfutocin Apple sun kasance da maɓallin gyaran izini a cikin manhajar Disk Utility, kuma abin da yake yi shi ne ya kwatanta izinin da ke kan fayilolin manhaja da wanda aka rubuta a rasit ɗin da aka ajiye ranar da aka ɗora su, ya mayar da duk wanda ya kauce. A nau'o'in Linux masu amfani da tsarin RPM ana iya yin haka daga kundin da tsarin yake riƙe da shi. Amma wannan bai shafi takardun mutane ba, domin babu rasit da ya rubuta cewa wannan jaka ta matar gida ce, waccan ta ɗalibin da ya roƙi a ajiye masa kundin bincikensa. A nan babu madogara sai sanin mutane da gaskiyarsu, a tambaya a ji, kamar yadda ake neman dattawan unguwa idan iyakar gona ta ɓata, kuma mai gyaran da bai tambaya ba, ya tattara komai ya ba asusun wanda ya kawo masa aikin, ya yanke hukunci ne da jin ɓangare ɗaya.

Wanda zai gyara izini dole ne ya hau kan izini, kuma nan ne tambayar ta fi nauyi. A Unix akwai asusu mai lamba 0 da ake kira root, wato saiwa, wanda ba a duba masa waɗannan lambobin izini, yana karanta abin da ya so yana goge abin da ya so. Ko ba shi ma, duk wanda na'ura take hannunsa yana iya tayar da ita da wata manhajar daga filash, ya karanta faifan gaba ɗaya, in dai ba a rufe bayanan da ɓoyayyen rubutu ba, domin izini doka ce da babbar manhaja ke kiyayewa muddin ita ke kan aiki, ba kwaɗo ne da aka datse a jikin ƙarfe ba. Aflatun, a littafinsa na Jamhuriya, ya kawo labarin makiyayin da ya tsinci zoben da ke ɓatar da shi daga idon mutane, don ya tambaya ko akwai wanda zai riƙe adalci idan ya tabbata ba mai ganinsa. Mai gyaran da aka bar wa kwamfuta ta kwana a shagonsa yana sanye da wannan zobe, ga hotunan iyali, ga wasiƙu, ga lissafin kasuwa, kuma kallo ba ya barin gurbi kamar yadda sata ke bari. Masu rubuta sudo sun gane iyakar abin da lamba za ta iya yi, shi ya sa a karon farko da mutum ya kira ta, kafin ta nemi kalmar sirri, takan nuna masa 'yar nasiha a kan mutunta sirrin wasu da yin tunani kafin buga umarni. Manhaja ce da ta kai inda dokarta ta ƙare, ta koma yi wa zuciya magana.

Fiƙihun Malikiyya ya yi wa mai sana'a hukunci na musamman wanda ya dace da wannan hali. Asalin mai ajiya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya salwanta a hannunsa sai idan ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Amma masu sana'ar da suka buɗe ƙofa ga jama'a, irin su maɗinki da marini da maƙeri, an ɗora musu lamunin kayan da suka keɓanta da su ba a gaban mai su ba, kamar yadda Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, malamin ƙarni na huɗu na hijira, ya kawo a Risala, littafin da har yau ake karantawa a zaurukan malamai na ƙasar Hausa. Dalilin shi ne maslaha: mutane ba su da makawa sai sun kai kayansu, ba su kuma da hanyar sanin abin da ya faru bayan sun juya baya. Babu wahala a ga cewa mai gyaran kwamfuta yana cikin wannan sahu idan ya goge fayil ko ya lalata faifai. Inda hukuncin lamuni bai kai ba shi ne leƙe, tun da mai kaya zai karɓi na'urarsa cif, babu abin da ya ragu da za a ƙiyasta kuɗinsa. Wannan ɓangare yana ƙarƙashin hanin bin diddigin sirrin mutane da ya zo a aya ta 12 ta Suratul Hujurat, kuma yarda da aka yi wa mai gyara yarda ce mai iyaka: an ba shi kalmar sirri don ya daidaita lambar jaka, wanda ba ya bukatar buɗe ko da fayil ɗaya daga cikinta.

Manyan kamfanoni sun nemi su rage wannan hatsari ta hanyar rage ikon mai na'ura da kansa. Tun daga Windows Vista, muhimman fayilolin manhaja suna ƙarƙashin wani asusu mai suna TrustedInstaller, wanda ba mutum ba ne, kuma a 2015 Apple ta fitar da nau'in babbar manhajarta mai suna El Capitan da kariyar da ke hana ko da root taɓa wasu jakunkuna, ta kuma cire maɓallin gyaran izini daga Disk Utility tun da an toshe hanyar da izinin ke lalacewa. Amfanin wannan a fili yake, amma amanar ba ta gushe ba, wuri ta sauya, ta koma hannun wanda ke rubuta manhajar da sabunta ta daga nesa, wanda mai kwamfuta bai san fuskarsa ba balle ya yi masa tambaya.

Mas'alar da ta fi kowace nuna tazarar izini da haƙƙi ita ce kwamfutar mamaci. Na'urar kanta dukiya ce, tana shiga gado, kuma magada suna da bukata ta gaskiya ga abin da ke cikinta, domin wataƙila a nan ne ya rubuta bashin da ake binsa da wanda yake bi, da wasiyyarsa, da takardun filaye, kuma biyan bashi da zartar da wasiyya suna gaba da rabon gado. Amma a cikin faifan nan guda akwai wasiƙun da wasu rayayyu suka aiko masa don shi kaɗai, da ajiyar abokan aiki, da rubutun da ya sa wa 600 da gangan alhali ya bar wasu a 644, wanda ke nuna cewa ya zaɓi abin da iyalinsa za su gani da wanda ba za su gani ba. Umarni ɗaya zai mayar da duka ga lambar babban ɗansa, wani kuma ya shafe wannan bambanci ba tare da ya bar alamar cewa ya taɓa wanzuwa ba. Shi ya sa mai gyaran da ya san nauyin abin yakan fara fitar da jerin fayilolin da izininsu kamar yadda mamacin ya bar su, ya kwafi faifan gaba ɗaya ya ajiye gefe, sannan ya zauna da wasiyyi ko wanda magada suka wakilta su bi jakunkunan da sunayensu, a buɗe ta bashi da ta kadara, a mayar wa masu ajiya ajiyarsu, sauran kuma a bar su a rufe har iyalin su yi shawara da malaminsu.